Kafin Ka Sayi Allon Taya, Fara Duba Hanyar Garinku

Ga waɗanda data ba ta bari sun saurari muryar ba, ga rubutun shirin wannan makon kamar yadda muka saba sakawa.

Yau maganar allon taya za mu yi, wannan katakon mai tayoyi huɗu da ake hawa ana zamiya da shi, wanda kuke gani a TikTok da YouTube ana kiransa siketbod. Tun da muka saka hoton yaranmu suna wasa da shi a filin makaranta, tambayoyi suke ta shigo mini daga Kiru da Bebeji har Doguwa, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce: wanne zan saya, kuma a ina? Kafin in ba da amsa bari in fara tona wa kaina asiri, don ku san ba daga littafi kawai nake magana ba.

Bara, bayan ƙaramar sallah, mu goma sha ɗaya a unguwarmu a Tudun Wada muka yi karo-karo. Niyyarmu mai kyau ce, mu samar wa ƙannenmu abin yi tsakanin la'asar da magariba, lokacin da zaman majalisa yake lalata yaro. Da aka haɗa kuɗin sai aka ce ni zan je birni in sayo, wai ni ne na yi jami'a. Na shiga wani shago, na ga alluna a rataye, na zaɓi guda biyu waɗanda zanensu ya fi kyau. Wallahi abin da na duba ke nan, zane. Na juya tayar da yatsa, ta juya, na biya na fito ina jin na yi ciniki.

Kwana tara aka yi. Na farko ƙarfen da ke riƙe tayoyinsa ya tsage. Na biyun kuwa ƙanina ne a kai, yaro ɗan shekara 14, tayar gaba ta ci karo da tsakuwa wadda ba ta fi ƙwayar masara ba. Allon ya tsaya cak, shi kuma ya wuce. Ya dafa ƙasa da hannu, wuyan hannun ya karye. Abin da muka kashe a asibiti ya fi kuɗin allunan biyu. Umma ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Kai da aka aika don ka fi su sani." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga nan na zauna na koyi abin nan ɓangare-ɓangare, na kwance, na ɗaura, na tambayi makanikai da kafintoci. Abin da na fahimta shi ne, alluna kala-kala ne, kowanne da irin ƙasar da aka yi shi dominta, kuma wanda ya fi yawa a kasuwa ba don irin hanyoyinmu aka yi shi ba.

Bari mu ɗan koma baya kaɗan, saboda tarihin yana da alaƙa da abin da ya kayar da ƙanina. Wanda ya tashi a garuruwanmu ya san motar boris, katako da boris uku ko huɗu, yaro ya zauna ɗan'uwansa ya tura. Kun tuna ƙararta? Kun tuna yadda take turjewa da ta haɗu da ɗan dutse? To haka allon taya ya fara a Kalifoniya ta Amurka wajejen shekarun 1950. Masu hawan igiyar ruwa a teku ne suke neman abin da za su yi idan teku ya kwanta, sai suka ɓalle tayoyin ƙarfe na takalmin taya suka kafa a jikin katako. Daga ƙarfe aka koma wata taya mai tauri da suke kira ta yumɓu, ita ma yara sun sha faɗuwa da ita. Sai a farkon shekarun 1970 wani matashi mai suna Frank Nasworthy ya kawo tayar da aka yi da wata roba da ake kira yuretan, ya sa mata suna Cadillac. Wannan robar tana kama ƙasa, tana shanye gargada, tana haye ƙananan tsakuwa. Ita ce ta farfaɗo da wasan bayan ya kusa mutuwa. Allunan da na sayo kuwa tayarsu busasshiyar roba ce irin ta bokiti, wato na biya kuɗin zamani na sayo matsalar da aka magance shekara hamsin da suka wuce.

Yanzu ga iri uku da ya kamata ka bambance.

Na farko shi ne gajeren allo, wanda ake tsalle da shi ana juya shi a iska. Tsawonsa wajen santimita 80, faɗinsa wajen 20, gaba da baya duk a ɗage. Shi ne aka shigar gasar Olamfik karo na farko a Tokyo, wadda aka yi a 2021, inda wata yarinya 'yar Japan mai shekara 13, Momiji Nishiya, ta ci zinare. Tayoyinsa ƙanana ne, milimita 50 zuwa 56, kuma masu tauri sosai. An yi shi don daɓen siminti mai santsi kamar tayil. A Legas akwai masu yinsa sosai, har da kamfanin matasa na WAFFLESNCREAM da ya daɗe yana raya wasan, a Akara ta Gana ma an buɗe filin wasansa a 2021. Amma ka ɗora shi a kwaltar cikin garin Kiru, haƙoranka sai sun kaɗa.

Na biyu shi ne dogon allo, suna ce masa longbod. Yawanci santimita 90 zuwa 110, akwai wanda ya fi haka. Tayoyinsa manya ne kuma masu laushi. Ba a yi shi don tsalle ba, an yi shi don tafiya, da lanƙwasa dama da hagu, da gangara. Saboda tsawonsa da faɗinsa ya fi sauƙin tsayuwa ga mai koyo.

Na uku shi ne allon silalom. Silalom wasa ne na jera kofuna a layi, mutum ya bi ta tsakaninsu yana kewaya su ɗaya bayan ɗaya, ana duba agogo. Tsohon wasa ne, tun gasar da aka yi a Anaheim a 1965 yana ciki. Allonsa matsakaici ne, kamar santimita 75 zuwa 90, ba ya lanƙwasa sosai, kuma gabansa ya fi bayansa saurin juyawa. Gwanin silalom ba ya sa ƙafa a ƙasa ya tura, da murɗa ƙugu da guiwa yake samar da gudu.

To wanne ne namu? Ka fita ƙofar gida ka duba. Idan burji ne ko yashi, babu ɗaya daga cikin ukun da zai yi maka, ka adana kuɗinka ko ka nemi filin da za ka riƙa zuwa. Idan kwalta ce mai gargada, irin wadda tsakuwarta ta fito, dogon allo mai taya mai laushi ne naka. Idan kuna da daɓe mai kyau, ko da bai fi tsawon mita 30 ko 40 ba, kamar filin kwando na makaranta ko harabar da aka shafe da siminti, silalom zai yi muku, kuma za ku iya fara shi da dogon allo matsakaici kafin ku kai ga sayen nasa na musamman. Ni dai in aka ce in zaɓa wa yaron karkararmu allo ɗaya, dogon allo ne wanda bai wuce santimita 90 zuwa mita 1 ba. Yana tafiya, yana kuma iya bin kofuna in an ba su tazara.

Yanzu mu kwance allon mu duba kayan cikinsa. Zan fara da inda ya kamata kuɗinka ya fi tafiya.

Taya. Lambobi biyu ake rubutawa a jikinta, misali 70mm da 78A. Ta farko girma ce, ta biyu tauri. Idan lambar da ke gaban A ta yi ƙasa, tayar ta fi laushi. Ta gajeren allo tana kaiwa 99A zuwa sama, ta dogon allo kuma yawanci 78A zuwa 83A. Don kwaltarmu ka nemi milimita 65 zuwa 75, tauri 78A ko 80A. Babbar taya mai laushi tana haye tsakuwar da ƙarama mai tauri za ta tsaya a kanta. In ba a rubuta komai ba, ko kana shakkar rubutun, ga gwaji biyu da ba sa buƙatar boko. Ka danna ta da farcen babban yatsa, ta ƙwarai za ta ɗan shiga ta dawo. Sannan in mai kaya ya yarda a cire ta, ka sake ta a kan siminti daga daidai ƙugunka. Yuretan na gaske zai yi tsalle ya dawo sama sosai, ta bogi kuwa ƙwas za ka ji, ta mirgina gefe. Don silalom ana son taya mai kaifin baki, wadda gefenta bai zagaye ba, saboda ta fi kama ƙasa a kwana.

Sai tirok, wato ƙarfen da aka ɗaure a ƙarƙashin allo wanda tayoyi suke jikinsa. Shi ne sitiyarin allo. Ka danna gefen dama da ƙafa, tirok ya karkata, allo ya yi dama. Na ƙwarai da alminiyom ake yinsa, da sandar ƙarfe mai kaurin milimita 8 a ciki. Na allunan wasan yara kuwa wani roba ne aka fesa masa fenti ruwan azurfa, wani kuma ƙarfe ne mai gautsi. Ka ƙwanƙwasa shi da makulli ka ji sautinsa, ka ɗaga ka ji nauyinsa. Akwai tirok iri biyu. Na gajeren allo babban ƙusan tsakiyarsa, wanda makanikai za su ce kimfin, yana ɓoye ta ciki. Na dogon allo kimfin ɗinsa yana fuskantar waje, ya fi tsayi, ya fi juyawa cikin natsuwa. Wanda aka fi samu shi ne mai faɗin milimita 180 da kusurwar digiri 50, sai mai 150 don allo siriri. Sunayen da aka sani a wannan fanni akwai Paris da Bear da Randal. Ƙa'idar mai sauƙi ce, faɗin tirok da tayoyinsa ya zo daidai da faɗin allo.

A silalom tirok ɗin ya fi ƙanƙanta, don taya kada ta riƙa kwashe kofuna, kuma na gaba da na baya ba saiti ɗaya ba ne. Ana sa wata roba mai siffar weji a ƙarƙashin na gaba don ya ƙara juyawa, a sa wa na baya ta yadda zai rage juyawa ya riƙe ƙasa. Wannan dabarar tana da araha, kuma za ka iya yi wa dogon allonka ita ka ga bambanci nan take.

A jikin kimfin akwai wasu robobi biyu, bush ke nan kamar na mota. Mutane suna raina su, alhali su ne suke sa allo ya ji maganarka. Yaro mara nauyi yana buƙatar bush mai laushi, babba mai jiki yana buƙatar mai tauri. Kuskuren da muka yi shi ne ɗaure notin tamau don allo ya daina rawa, har robar ta fashe. In ka ga sai ka matse bush ya kumbura kafin ka ji daidai, to ba naka ba ne, canza shi za ka yi.

Sai boris. Nan ne labari mai daɗi yake. Kowace taya tana cin boris biyu, takwas ke nan a allo, kuma lambarsa 608: ramin ciki milimita 8, faɗin waje 22, kauri 7. Shi ne dai a yawancin takalman taya, kuma ana amfani da shi a ƙananan injuna da yawa, don haka masu sayar da boris a birni sun san shi. Ba sai ka yi odarsa daga waje ba. Za ka ga an rubuta ABEC 7 ko ABEC 9 a kwali ana ƙara kuɗi a kai. Wannan ma'auni ne na daidaiton ƙira don injuna masu tsananin gudu, ba ya gaya maka ingancin ƙarfen ko yadda zai jure ƙura. Mu kuwa ƙura ce matsalarmu, musamman da hunturu. Ka nemi wanda aka rubuta 2RS, mai murfin roba gefe biyu, ya fi mai murfin ƙarfe da ake rubuta ZZ hana ƙura shiga. In ya fara ƙara, ka cire murfin a hankali da allura, ka wanke shi da kalanzir, ya bushe sarai, ka ɗiga masa man keken ɗinki ɗigo biyu. Ruwa kuma kada ya kusance shi.

Sai katakon kansa, wanda na sa shi a ƙarshe da gangan duk da shi ido yake fara gani. Na ƙwarai falle-falle ne aka manne, galibi falle 7 na icen mapul, dogon allo yakan kai 8 ko 9, wani a haɗa da gora. Ka juya shi ta gefe ka ƙirga fallayen, ka duba ko akwai inda suka fara rabuwa. Ka ajiye shi a ƙasa mai daidai ka ga ko tayoyin huɗu duk sun taɓa ƙasa, in ɗaya tana lilo to allon ya murɗe. Samansa kuma dole ya kasance da baƙar samfefa mai kama takalmi.

Wajen ɗaura tirok ma akwai bambanci. Akwai allon da aka ɗaura masa tirok daga ƙasa kai tsaye, ya fi tsayi, ya fi kama ƙasa da saurin juyawa, shi 'yan silalom suke amfani da shi. Akwai kuma wanda aka huda, aka zura tirok ta sama, sai allon ya sauko kusa da ƙasa. Wannan ya fi sauƙin turawa, ya fi sauƙin taka birki da ƙafa, ya fi dacewa da mai koyo. In ka zaɓi na farkon kuma tayarka babba ce, to ka yi wannan gwajin tun a shago: ka hau, ka danna gefe ɗaya iya ƙarfinka, wani ya leƙa ya ga ko taya tana taɓa katako. In tana taɓawa, a kan gudu za ta cije, allo ya tsaya, kai ka wuce. Maganinsa a sa robar ɗagawa tsakanin tirok da allo.

To ina za a saya? Hanya uku ce, kowacce da ribarta da haɗarinta.

Sabo na shagon kayan wasan yara, irin wanda na sayo, shi ya fi sauƙin samu kuma shi ya fi araha. Araha kuwa ba ta ado. In ya faɗi gwajin taya da na tirok, ka bar shi ko da kyauta aka ba ka.

Gwanjo, a wurina, shi ne ya fi. A cikin kayan da ake buɗewa a kasuwannin birni kamar Ƙofar Wambai da Sabon Gari, wani lokaci akan dace da allo na asali wanda wani ya gaji da shi a Turai. Sai dai ba kullum ba, sai da haƙuri da barin sallahu. In ka ga suna irin Sector 9 ko Landyachtz ko Loaded, ka tsaya ka duba da kyau, amma kada sunan ya rufe maka ido, don ana buga na jabu. Tsohon allo mai kyan tirok da taya ya fi sabo mai ƙyalli. Boris da bush da samfefa duk ana canzawa da kuɗi kaɗan. Abin da ba ya gyaruwa shi ne tirok da ya tsage ko sandarsa ta lanƙwashe, da katakon da ruwa ya ci.

Ta uku ita ce oda ta intanet. A nan ka tuna kuɗin dako yana bin girman kaya, dogon allo kuwa dogo ne. Kuma hoto ba ya nuna taurin taya. In mai sayarwa bai rubuta girman taya da taurinta da faɗin tirok ba, ka wuce. Dabarar da muka yi a karo na biyu ita ce, muka yi odar tirok da tayoyi kawai, muka sayi boris a Kano, muka kai wa wani kafinta a garinmu ya yanka mana allo daga filawud mai kauri mai falle da yawa. Mun kai masa tirok ɗin ya ɗora ya yi alamar ramuka a kai, saboda in ramin ya karkace ko kaɗan, allon zai riƙa jan gefe ɗaya har abada. Amma in faɗa muku gaskiya, irin wannan allon na koyo ne a fili mai daidai. Filawud ɗin kujera ba a yi shi don ɗaukar mutum a kan gudu ba, kada wanda ya hau gangara da shi.

Yanzu maganar da ta fi duk waɗannan. In kuɗinka ba za su isa allo da hular kwano ba, to ba su isa allo ba. Hular ta zauna daram a kai, ta rufe goshi da ƙeya, a ɗaure igiyarta. In ka ga EN 1078 ko ASTM F1492 a cikinta, alama ce an gwada ta don irin wannan wasa. Hular leburori ta wurin gini ba ta yi, don an yi ta ne saboda abin da zai faɗo daga sama. Bayan hula sai abin kare wuyan hannu, don mai faɗuwa hannu yake fara kaiwa ƙasa, ƙanina shaida ne. Sai na guiwa da na guiwar hannu. Kuma a sa takalmi sau-ciki mai shafaffen ƙasa. Da silifa ba a hawa, don tafin takalminka shi ne birkinka.

Na san abin da ke ran wasunku, musamman 'yan Doguwa. Allah Ya ba ku duwatsu da gangara wajen Riruwai, ga kuma titin da ya taso daga Kwanar Ɗangora ya ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ya nufi Saminaka da Jos. Mutum ya kalli bidiyon Turawa suna gangarowa daga dutse, sai ya ce ai mu ma muna da shi. 'Yan'uwa, ku saurare ni. Masu wancan wasan suna wuce kilomita 100 a awa, amma a gasa rufe hanyar ake yi, suna sanye da rigar fata da hula mai rufe fuska, kuma sun yi shekaru suna koyon tsayawa. Titinmu kuwa na tirela ne da tanka da motocin hatsi. Ga shanu suna tsallakawa, ga rami, ga masara da shinkafa da ake shanyawa a gefen kwalta da kaka. Allo ba shi da birki. Kuma idan gudu ya yi yawa yakan fara wata karkarwa, yana kaɗawa dama da hagu har ya watsar da mutum, musamman in nauyinsa yana ƙafar baya. Kada ka hau gangarar da ba za ka iya dirowa ka ƙarasa da gudun ƙafa ba. Haka masu kama bayan Adaidaita Sahu ko babbar mota, na gan su a birni da takalmin taya, don Allah kada wannan ɗabi'ar ta shigo mana.

Shi ya sa nake tallata silalom. Yana ba yaro abin da yake nema a titi, wato gasa da burgewa, ba tare da mota ba. Kofuna 15 ko 20 sun isa, mu da robobin lemo muka fara, muka yanka su biyu. A gasar matsattsen layi tazarar kofuna takan kasance tsakanin mita 1.5 zuwa 2, kuma duk kofin da ka ture ana ƙara maka kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ga mai koyo da dogon allo, ku fara da mita 3, kuna ragewa a hankali. Agogon waya ya isa alƙali. Masu takalmin taya ma suna da nasu, kofuna a tazarar santimita 50 ko 80 ko 120, don haka fili ɗaya zai ɗauke ku duka. Allo ɗaya kuma yara goma za su iya yin layi a kansa, tunda kowane zagaye bai fi 'yan daƙiƙu ba. Ku share filin da tsintsiya kafin a fara, kullum. Da damina kuma, wadda ta fi daɗewa a wajenmu fiye da birni, in ƙasa ta jiƙe a haƙura, taya ba ta kama jiƙaƙƙen daɓe, ruwa kuma yana kashe boris da katako.

Iyayenmu, na san wasu za su ce wannan wasan banza ne, kuma bayan abin da ya faru a gidanmu ba zan ga laifinku ba. Baba sai da ya yi wata huɗu bai yarda an sake shigo da allo gidan ba. Amma mu da muke makwabtaka da gidan gyaran hali na Kiru mun san inda rashin abin yi yake kai matashi. Abin da nake roƙo shi ne, in yaro ya nace, kada a ba shi kuɗi ya tafi shi kaɗai, kuma kada a hana shi ya koma yi a ɓoye a bakin titi. A tambaye shi ina hularsa, a tambaye shi a wane fili zai yi, da wa kuma. Shugabannin makarantu da masu unguwanni, filin da yake zaune ba kowa bayan an tashi, in matasa sun zo da tsari da babba mai kula da su, a taimaka a ba su aron sa.

Ƙanina ya warke, alhamdulillahi, kuma yanzu shi ne yake riƙe da lokaci mafi sauri a layinmu na kofuna 15. Umma har yanzu ba ta zuwa kallo, amma ita take tambaya ko ya ɗauki hularsa kafin ya fita.

Wanda yake shirin saye, ya ɗauki hoton tayar da tirok ɗin da gefen katakon ya turo kafin ya biya, zan duba in gaya masa abin da na gani. Wanda kuma ya san wani fili mai daɓe a Bebeji, ko Tiga, ko Kiru, ko Doguwa da za a iya nema, ya sanar da mu. Allah Ya tsare mana yaranmu, Ya sa albarka a abin da muke nema. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.